Kawu Bala da Kugen da Aka Cinye

Duk wanda ya zauna a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira a shekarun nan ya san ba a kunna wa Kawu Bala waƙa a waya. Ka kunna, ka jawo wa kanka. Zai rufe ido, ya karkatar da kai, ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit, sannan ya dube ka da tausayi ya ce, "Wayyo, an cinye kugen." Shi ke nan, ya gama da kai da wayarka. Kuge a wurinsa shi ne farantan ƙarfen nan da mai ganga ke duka suna tsss, tsss a saman kiɗa. Ya ce duk waƙar da aka sato aka matse ta don ta shiga waya, wannan siririn sautin ne yake fara mutuwa. Har lasifikar jirgin metro sai da ya yi wa hukunci, wai ita ma an cinye mata.

Tun da muka binne shi kalmar nan take yi mini yawo a kai. Kun kuma san yadda abin ya ƙare, mutumin da ya fi mu kunne duka, da kurumta ya bar duniya. Don haka ku yi haƙuri idan dariyar tawa tana fita da ƙyar.

Ga waɗanda suka zo daga baya, Kawu Bala ƙanin mahaifiyata ne. Ya zo Alƙahira karatun addini tun ina ƙarami, ya gama, ya ƙi komawa Gusau, ya zama mai raka 'yan kasuwarmu kasuwar Ataba yana yi musu tafinta. Da na zo nawa karatun, gidansa na sauka. Ranar farko ina shiga falo na ji wani irin rugugi, wani ƙato yana kururuwa kamar ana cire masa haƙori. Na yi salati na ja da baya. Sai ga Kawu da kaftani da hula zaune a kan darduma, yana kaɗa kai a hankali.

Na ce, "Kawu, lafiya? Wa ake yankawa?"

Ya ce, "Zauna, Nasiru, baƙauye. Wannan shi Turawa ke kira hebi metal, ni kuma nake kira kiɗan ƙarfe. Mu fa jikokin maƙera ne. Ranar da wani Bamisire ya fara jiyar da ni shi, wallahi maƙerar kakanka na gani a gabana, har da zugazugi. Kai ne ka ɓata, ni gida na koma."

A bangon falon akwai kanta biyu, ɗaya littattafan fiƙihu, ɗaya faya-fayan CD, kuma dukansu ba a taɓawa da hannun miya. Kowane faifai na asali ne, da kwalinsa da takardarsa. Mutumin da zai taka daga tasha zuwa gida a tsakiyar zafi don kada ya kashe kuɗin hawa tuk-tuk, adaidaita-sahun garin nan, shi ne zai yi ta jiran faifai daga wata ƙasa mai ƙanƙara har sai ya iso.

Kun tuna Sadisu, wanda ya yi karatun usulul fiƙihu, mai son gardama? Shi ne ya taɓa zuwa da kyauta, wai zai burge Kawu. Ya ciro filash daga aljihu yana murmushi.

"Malam, ga shi. Duk abin da mutanen naka suka taɓa bugawa yana ciki. Daga intanet na sauke, ko sisi ban ba kowa ba."

Kawu ya ja hannunsa baya kamar an miƙo masa garwashi. "A'uzubillahi! Fitar mini da kayan sata daga gida."

Sadisu ya gyara zama, don abin nema ya samu. "To Malam, ai shi kansa kiɗan malamai sun yi magana a kansa. Wanda ya riga ya shiga ruwa, me ya rage?"

"Ya rage da yawa, ɗan nan. Idan kiɗa laifi ne, tsakanina da Ubangijina ne, Shi kuwa na san ƙofarsa, kullum ina ƙwanƙwasawa. Amma wannan mai gashi har gadon baya da ya yi wata da watanni yana dukan ganga hannunsa na tsagewa, haƙƙinsa fa? A ina zan gan shi in nemi yafiya?" Sai ya ɗauko kwalin wani faifai ya nuna masa hoton mawaƙan, ƙatti baƙi wuluk da kaya, kowa ya haɗe rai. "Dube su da kyau. Kana jin yadda suke ihu ba a yi musu komai ba. Waɗannan kake so su riƙe maka wuya ranar hisabi?"

Sadisu ya mayar da filash aljihu. Har ya bar Masar bai sake zancen ba.

Akwai wani ƙaramin shagon faya-fayai a unguwar Dokki, na wani dattijo Ammu Magdi, inda samarin Misirawa masu baƙaƙen riguna ke taruwa suna musu a kan faya-fayai. Can Kawu yake yin yammacin Alhamis, shi kaɗai da farin kaftani a cikinsu, suna kiransa Shehun Metal. Musunsu ɗaya ne kullum, tsohon bugu ko sabon da aka gyara. Samarin suna son sabo don ya fi ƙara. Kawu ya ce sabon gyara zalunci ne, an cusa komai wuri ɗaya har ganga ba ta samun numfashi. "Ƙara daban, daɗi daban," in ji shi. "In ƙara ce kawai, ku je ku tsaya a bakin titin Ataba, kyauta ne."

Su ne suka riƙa jan sa wajen wasan mawaƙan kiɗan ƙarfe. Kuma Kawu ba ya tsayawa a baya, sai gindin lasifika, inda riga take kaɗawa ba iska. In lokacin sallah ya yi, ya ratsa cikin masu tsalle yana ba da haƙuri, "ma'alish, ma'alish," ya je ya yi, ya dawo wurinsa. Matarsa Anti Amna, Bahaushiyar Sudan ce mai magana ba kwana-kwana, ita ta fara tsorata. Ta ga yana dawowa yana ta sosa kunne, wai akwai ƙudan zuma a ciki. Ta sayo auduga ta sa masa a aljihu.

"Ya zol, bawan Allah, ka toshe kunnen nan. Guda biyu Allah ya ba ka, babu na canji."

Ya ce, "Amna, kin taɓa ganin wanda aka gayyata walima ya ɗaure bakinsa da tsumma?"

Ta ce, "Na ga wanda ya ci har haƙoransa suka zube."

Muka yi dariya a lokacin, har da shi. Audugar kuwa a aljihun ya bar ta, ta yi ta zama a can.

A hankali abin ya fara. Talabijin ya ƙara ƙara. Anti Amna ta yi magana daga kicin, shiru. Hajiyoyin da yake rakawa Ataba suka fara cewa Malam Bala ya zama mai girman kai, ana yi masa magana yana wucewa. Mu duka mun gane, babu dai mai iya faɗa masa. Yaya za ka dubi Kawu Bala ka ce masa kunnensa ne?

Sai ranar da faifan da ya daɗe yana jira ya iso shagon Ammu Magdi. Ya karɓo, ya sa a gida, bai kai rabin waƙar farko ba ya miƙe. "Nasiru, yalla, tashi, sa takalminka. An cuce ni."

Muka koma Dokki. A gaban samarin nan duka ya ajiye faifan a kan tebur.

"Ya Ammu, ni za ka sayar wa jabu? Bayan duk zaman da muka yi? An cinye kugen nan tas, ko ɓurɓushi ba a bari ba!"

Dattijon ya yi ta rantsuwa, ya nuna masa hatimi, ya tuna masa ledar da shi Kawun ya ɓare da hannunsa. Ya sa faifan a na'urar shagon. Ni ina jin kugen nan tar, yana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Samarin ma suna ji, sai suka sunkuyar da kai. Kawu ya ce, "Kun ji ko? Babu!" Ammu Magdi ya buɗe baki zai yi magana, ya dube shi, ya fasa. Ya ce kawai, "Khalas, shi ke nan ya Shehu, bar shi, zan bincika."

A metro Kawu bai daina faɗa ba. Muna shiga gida ya nufi kanta ya ciro faifansa na farko, wanda ya saya tun yana ɗalibi, wanda ya san kowane bugu a cikinsa. "Bari in jiyar da kai yadda kugen gaskiya yake, don ka san ba rigima nake ba." Ya sa, ya rufe ido, ya karkatar da kai, ya ɗaga yatsa.

Yatsan ya daɗe a sama. Ya mayar da waƙar baya, ya ƙara murya, ya sake ɗagawa. Sannan ya sauke shi a hankali.

"Nasiru."

"Na'am, Kawu."

"A daidai nan, kana jin kuge?"

Na so in ce a'a, wallahi na so. Amma shi ya koya mini ba a yi wa mutum jabu. Na ce, "Ina ji, Kawu."

Ya kashe na'urar, ya goge faifan da gefen rigarsa, ya mayar cikin kwali. Anti Amna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, hawaye na zuba, wannan karon ba ta ce ai na faɗa maka ba.

Washegari da safe ya tafi Dokki shi kaɗai. Ammu Magdi ne ya ba ni labari bayan rasuwar. Ya ce Kawu ya jira sai da samarin suka taru, don a gabansu ya yi zargin, sannan ya riƙe hannunsa ya ce, "Na kira ka ɓarawo, ashe ɓarawon a cikin kaina yake. Ka yafe mini tun ina iya jin amsarka."

Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Bayan kuge, jita ta bi, sai muryar mai ihun. Abin da ya fi karya shi kuwa ba kiɗan ba ne. Alƙahira ce fa, garin da kiran sallah ke shigo maka ta kowace taga, amma sai da ta kai Anti Amna ce ke taɓa kafaɗarsa in an kira. Ranar farko da ta yi haka, ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Duk da haka bai daina sayen faifai ba. In sabo ya zo, ya sa, ya ɗora tafin hannu a kan lasifika yana jin ganga a ƙashinsa. Ni kuma aikina in zauna kusa da shi ina buga masa kugen da yatsa a bayan hannu, daidai lokacin da ya faɗo. Kuma kada ku ɗauka ya yi laushi. "Ka makara! Kai wane irin jikan maƙera ne?" Haka nake shan faɗa a kan sautin da shi ba ya ji.

Wata rana tausayi ya kama ni, ga ciwon zuciyar da ya zama ajalinsa ya fara kwantar da shi, aiki ya tsaya. Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya.

"Kawu, yanzu ai da na asali da na intanet duk ɗaya ne a wurinka. Bari in riƙa sauke maka, ka huta."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa masu kunna waƙa a waya. Ya ce, "Nasiru, kunnena ne ya mutu. Haƙƙin mutumin yana nan da ransa."

Faifan ƙarshe da ya yi oda ya iso bayan mun dawo daga maƙabarta. Ammu Magdi da kansa ya kawo shi har gida, yana kuka kamar ɗan'uwa. Yana nan a kanta cikin ledarsa, na kasa ɓarewa, don ban san hannun wa zan buga wa ba.

Allah ka ji ƙan Kawu Bala. Abin da ke tsakaninka da shi ka yafe masa, na bayinka kuwa Kai ne shaida ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya taho da na kowa. Ka mayar masa da jinsa, ka jiyar da shi abin da kunne bai taɓa ji ba, cikakke, ba a cinye komai ba. Amin.