Baƙin Mai a Tafkin Yayana

Ko tsufa ya mantar da ni sunayen ɗalibaina, ranar da na tsaya a bakin tafkin yayana a Bungudu ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gusau. Shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa teku na da wata fata a samansa, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, kuma ta nan iska ke shiga ruwa ta fita. Ni ban taɓa ganin teku ba, su ma haka. In faɗa, su yi hamma, a buga ƙararrawa. Ni kaina na gaji da jin bakina.

Wata damina na je gida, na tarar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Inna. Raina ya ɓaci. Na ce wa Yaya, "A samo baƙin mai wurin masu gyaran babur, a zuba a duk ruwan da ke kwance, 'ya'yan sauro su mutu." Na hau mota na koma Gusau. Shaf na manta da tafkin da ya haƙa a bayan gida yana kiwon kifin karfasa, waɗanda da su yake sa ran yi wa ɗakin Inna rufin kwano.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Na iso da hantsi, ga ruwa yana ƙyalli, kifaye sun juyo da fararen cikinsu sama. 'Yan da suka rage suna ta buɗe baki, suna neman iskar da man ya toshe. Sai a lokacin na gane fatar nan da nake zanawa a allo, tafki ma yana da ita. Muka yi ta tsane man da tsofaffin buhuna har la'asar, bayana kamar zai ɓalle. Ko cikin ƙwarya ba mu tsirar ba.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya zauna yana goge hannu da ƙasa, ya ce, "Na so in ƙyale wanga ruwa, sai nic ce kai kay yi karatu, ka hi ni sani."

Wallahi da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ranar na koyi cewa maganar wanda ake kira Malam ba a tace ta, haɗiye ta ake yi. Shi ya sa yanzu ba na cewa a yi abu sai na zagaya bayan gida na duba da idona.