Kwalin 'Yan Tsaki a Bayan Gona

Ko na bar Doha gobe, safiyar nan ɗaya ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin watana biyu da fara tuƙi a gonar kafil ɗina, wato ubangidan da ya kawo ni aiki, da ke bayan Al Rayyan. Kafin na zo na zaci ƙasar nan zafi kawai ta sani, sai ga Janairu da iskar da ke ratsa ƙashi.

Kafil ya sa ni in yi odar 'yan tsaki talatin ta waya daga wani gidan ƙyanƙyasa, domin jikokinsa. Garin rawar kai na tura wa mai kawo saƙo alamar taswira ta ƙofar baya, wadda ba a buɗewa. Can ya ajiye kwalin tun da sassafe, ni kuwa ina ta jira a ƙofar gaba. Sai wajen ƙarfe tara na gane kuskurena.

Da na ɗaga murfin, ko "tsiyo" ɗaya ban ji ba. Sun cure a lungu guda, wasu sun miƙe ƙafa. Na tsuguna ina tunanin aikina, ina tunanin mahaifiyata da ke dogara da ni.

"Me ka tasa gaba kana kallo?"

Baba mai gadi ne, wani dattijo ɗan wajen Katsina da nake tsoro, don ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

Na ce, "Baba, khalas, shi ke nan, sun mutu."

"Wa ya gaya maka? Tashi ka tada mota, ka kunna hita. Yalla, maza!"

Ya tuɓe rigar sanyinsa ya rufe kwalin, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ya cika gorunan roba da ruwan ɗumi, ya zura su cikin safa, ya jera a gefensu. Waɗanda suka fi galabaita ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana hura musu iskar bakinsa, yana ɗiga musu ruwan sukari da ɗan yatsa.

Muna cikin motar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haka marigayiya matata take yi. A zaninta take ƙunshe su. Ina nan bakin ƙofar nan aka binne ta a gida."

Can sai wani ɗan tsako ya motsa a tafin hannunsa, ya yi ƙara siririya. Baba ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla.

Ashirin da shida suka rayu. Da kafil ya zo na faɗa masa gaskiya, Baba na tsaye kusa da ni. Ya yi ɗan faɗa, ya wuce.

Tun ranar na daina saurin cewa abu ya ƙare matuƙar da sauran numfashi. Na kuma koyi cewa mutumin da ba ya fara'a, sau da yawa wani abu ne yake ɗauke da shi wanda bai samu mai tambayarsa ba.