Yadda Inshorar Jirgin Ruwa Ta Tona Asirin Gidanmu

A gidanmu ni ce auta, kuma duk wadda ta taɓa zama auta ta san aike ne da ba ya ƙarewa. Shekarar da babban yayanmu ya samu buɗi, sai ya ce zai kai dangi Umara, in an gama kuma a shiga wani ƙaton jirgin ruwa a Jidda, irin mai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, a yi 'yan kwanaki ana yawo a Bahar Maliya. Shi ya biya komai daga Abuja, aka yi ta sa masa albarka. Ni kuma aka bar ni da sayen inshora, aikin da ban taɓa jin an sa wa kowa albarka a kansa ba.

Saboda mahaifiyarmu Hajiya aka shirya tafiyar. Ta je Makka, amma teku ta tagar jirgin sama kawai ta taɓa hango shi, kuma ta daɗe tana cewa tana son ta gan shi kusa da kusa. Tun ba a sa rana ba ta haɗa jakarta ta ajiye a bayan ƙofa.

Na je wani ofishin tafiye-tafiye a Unguwar Rimi. Matar da ke wurin ta ce jirgin ba ya ɗaukar kowa sai da inshora, kuma dole kowane dattijo ya faɗi ciwon da yake fama da shi.

"In mutum ya ɓoye, ciwon ya tashi a tsakiyar teku, ba ruwan kamfani," in ji ta.

"In ya faɗa fa?"

"Wani lokaci su nemi takardar likita. In abin ya yi yawa, su ce ba su ɗauka."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na manta cewa a danginmu ba a taɓa yin mara lafiya ba. Marigayi mahaifinmu yana kwance a asibiti da robar iska a hanci, duk wanda ya ce masa ya jiki sai ya ce da sauƙi, har ranar da ya cika.

Da Kawu na fara, ƙanin Hajiya, wanda gidansa ke jikin namu a Badarawa. Na same shi yana kora wasu ƙwayoyi da koko.

"Kawu, kana da wani ciwo?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe? Lafiya lau, sai godiyar Allah."

"Waɗannan ƙwayoyin fa?"

"Na ƙarin kuzari ne." Sai ya waiga, ya rage murya. "Amma fa ki binciki Gwaggonku. Sugan nan nata, ko rake ta gani a titi sai ya hau."

Washegari na tafi Rigachikun wurin Gwaggo, yayar mahaifinmu. Ta ce ita rabonta da asibiti tun haihuwar autanta. Tana gama rufe baki ta jawo ni kusa.

"Kawunku kuwa hawan jini ne, ga basir. Ba ki ga yadda yake zama a karkace kamar mai shirin gudu ba?"

Nan na gano bakin zaren. Ba a tambayar mutum lafiyarsa, sai a tambayi na kusa da shi. Cikin mako guda na san mai olsa, na san mai asma, na san wadda gwiwarta ke ƙara in ta yi ruku'u. Wani ma har sunan maganin ɗan'uwansa ya ba ni, da kantin da yake saye a ɓoye.

Sai kuma na tafka wauta. Na tara su a tsakar gidan Hajiya don kowa ya tabbatar da nasa kafin in kai ofis. Ban kai ga mutum na uku ba gidan ya kaure.

"Wa ya ce ina da basir?" Kawu ya miƙe tsaye, abin da daman ya fi masa sauƙi. "Auta, ki faɗa mini wane munafuki ne!"

Gwaggo ta duƙufa tana gyaran ɗankwali. Da aka zo kanta kuwa, sai ta ce sharri ne, ita ɗan jiri ne kawai take yi in ta sha shayi. Raina ya ɓaci. Na ce to kowa ya riƙe lafiyarsa, amma wanda ya ɓoye, ciwo ya kayar da shi a tsakiyar teku, ba za a turo masa jirgi mai saukar ungulu ba.

Kawu ya tsaya cak. "Jirgi mai saukar ungulu? Kyauta?"

Na ce in an faɗi gaskiya, yana cikin inshorar.

Ya koma ya zauna a karkace. "To rubuta. Hawan jini akwai shi. Wancan ɗayan ma sa shi. Kuma kunnena na hagu yana ɗan kuka."

Daga nan aka shiga rige-rige. Mutanen da suka wayi gari lafiya lau, kafin la'asar kowa ya zama abin tausayi.

Hajiya ce kaɗai ba wanda ya ambaci wani ciwo a kanta. Kawu cewa ya yi, "Yaya ai ƙarfe ce." Ita kuma tana gefe tana dariya tana jan carbi. Sai da aka watse ta kira ni ɗaki, ta ce in turo ƙofa.

"Auta, in mutum ya faɗa, barin sa za su yi a gida?"

Na so in ce a'a, amma na kasa. Na ce, "Ban sani ba, Hajiya."

Sai ta jawo wata tsohuwar samira daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Cike take da magunguna da katin asibiti. Ciwon zuciya ne. Ashe duk fitar nan da take yi a Keke mai ƙafa uku, tana cewa za ta barka ko gaisuwa, muna tsokanarta da son yawo, wurin likita take zuwa ita kaɗai. Na ji haushi ƙwarai, na buɗe baki zan yi faɗa, sai kuka ya zo mini. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifinmu.

"Share hawayenki ki rubuta duka," in ji ta. "Ina son zuwa, amma ba zan hau ruwan Allah da ƙarya ba."

Kamfanin ya nemi takardar likita. Tare muka je, karo na farko da wani ya raka ta. Likitan ya duba ta, ya ce za ta iya tafiya, da sharaɗin a samu mai kula da shan maganinta. Haka aka sa ni ɗaki ɗaya da ita a jirgin.

Kullum da hantsi sai ta sa a ajiye mata kujera a jikin ƙarfen da ya kewaye saman jirgin, ta zauna tana kallon ruwa tana ta Subhanallahi. Dangi sun dawo kowa da labarinsa. Ni har yau in aka tambaye ni yadda Bahar Maliya take, sai in yi ta kame-kame, don Hajiya na yi ta kallo.