Tuwon da na yi da irin gidan mijina

Wata biyar da kai ni gidan miji a Kiru, ana cikin zafin bazara, na yi aika-aikar da har yau in na tuna sai na riƙe baki. A lokacin gyaɗa ce ke tashe, samari ba su da zance sai nata, amma gidanmu da dawa ake taƙama, wata kaura mai manyan ƙwaya da ba kowa ke da irinta ba.

Kakar mijina, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ce mai irin. Ta daina noma tuntuni, amma duk kaka sai ta bi gona da sandarta tana zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ta rataye su a madafa, hayaƙi ya hana ƙwari taɓawa. Ni fa ba wanda ya faɗa mini. Na ga abu ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, na ce wannan wace irin ƙazanta ce, abinci na lalacewa ana kallo? Da ɗokin nuna ni 'yar aiki ce na sauke, na sussuke, na surfe, na tuƙa tuwo. Har yabo na sha.

Washegari Iya ta shiga madafa ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon wurin. Sai a lokacin na fahimci irin shukar gidan ne na tuƙe, ga hadari ya fara haɗowa, shuka saura kwanaki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da mazan gida suka taso da hayaniya, ta ce ita ce ba ta sanar da baƙuwa ba, duk mai magana ya yi da ita. Wa zai iya? Kowa ya kama gabansa.

Da safe ta ɗauki sandarta ta fita, ta hana a raka ta. Ashe shekara da shekaru tana ba mutane irin nan kyauta, kuma tana riƙe da kowane gida a kanta. Ta je Badafi, ta je Ɗansoshiya, duk a ƙafa, nan a ba ta iri cikin tafin hannu ɗaya, can biyu. Kwana huɗu ta yi. Ta dawo ƙafafu a kumbure, ƙullin iri a gefen zaninta.

Surukina ya miƙa hannu zai karɓa, ta wuce shi, ta zo ta juye a ƙwaryata.

“Ke za ki ajiye daga yau, jikata,” in ji ta. “Yanzu duk gidan nan ba wanda ya kai ki sanin darajarsa.”

Na yi kuka har da majina. An yi shuka a kan lokaci, dawa ta yi kyau. Da kaka ta zo ni na bi gona ina zaɓe, ina kawo mata har ɗaki tana dubawa, don tun daga tafiyar nan ƙafafunta ba su sake kai ta ko ƙofar gida ba.