Tsallaken da Yaya Ado Ya Zana

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana, Ado Mai Zane na Gafasa, Allah ya jiƙansa. Na san a cikin masu karanta wannan shafi da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa, kuma ko zane ɗaya nasa ba ni da shi da zan nuna muku. Kwanan nan jikata ta miƙo mini waya, wai in kalli teku yana tumbatsa. Na karɓa, na kalla, na mayar mata. Yarinya ba ta san abin da ta tono ba.

Yaya Ado manomi ne kamar kowa a garinmu, babu wanda ya koya masa zane. Shuni yake saya a marinar Gaya ranar kasuwa, ya haɗa da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, ya dama da ƙaro don ya kama bango. Asuwaki yake taunawa ya yi alƙalami da shi. Ni kuwa haushinsa nake ji, domin ƙoren Inna duk ya ƙarar da su wajen dama launi. A zauren gidanmu ya zana fadamarmu da damina, ga gauraka tsaye cikin ruwa, ga barewa ta ɗaga kai kamar ta ji motsi. Fulanin da ke wucewa da shanu sukan tsaya su leƙa. Mutum ne kawai ba ya zanawa, ya ce wannan bai kai ba, kuma ba ya so ya kai.

Ina tambayar kaina, da zai dawo yau me zai zana? Dajin da yake kwana biyu a ciki yana kallon gada ya zama gonaki tun daga Gafasa har Ajingi. Barewa kuwa yaranmu sai a waya suka san ta. Ina jin zai tambaya ne kawai ko har yanzu shamuwa tana zuwa.

Amma zanen da ke raina ba na zaure ba ne, na ɗakin Inna ne. Babanmu ya tafi Makka a ƙafa tun ina ƙarama, kafin a sami mulkin kai. Bayan shekaru wani abokin tafiyarsa mutumin Kademi ya dawo, ya ce da idonsa ya ga Baba ya shiga jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Daga nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Inna ba ta yi takaba ba, ba ta kuma yi wani aure ba. Tambayarta ɗaya ce ga duk alhajin da ya dawo: ya ƙetare, ko ruwa ya ci shi? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun nan ya cinye mata jiki har ta koma kamar sillen kara.

Sai wata bazara Yaya ya shiga ɗakinta da ƙorensa. Bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Wudil ba, amma ya zana mata teku cikin bango guda, shuɗi fes. Can sama ya yi gaɓa, da yashi da 'yan itatuwan dabino, da farar belbela guda ɗaya tsaye a kan tudu. Abin da na gani shi ne ta juya tabarmarta ta fuskanci bangon, kuma tun daga ranar ta fara cin tuwo har ta suɗe hannu.

Shekarar da na zo gida wankan jego, Kawu Sule na Toranke, yayan Inna, ya dawo daga hajji ta ruwa. Ya shigo gaishe ta, ya ga bangon, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Hajo, wannan ai kogin Wudil ne aka zuba wa shuni! Gani ya kori ji. Teku ba shi da tsallake, in ka shiga tsakiya daga ruwa sai sama." Wallahi ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma magana zarar bunu ce. Na ga carbi ya tsaya a hannun Inna. Yaya yana durƙushe bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Kawu, to ku a ina kuka sauka?" Har yau in na tuna shi ina yi masa addu'a, amma ban daina jin haushin dariyar nan ba.

Bayan shekarun fari, da fadama ta ƙafe dabbobin suka ɓace, Yaya ya rage zane. Sanƙarau ya ɗauke shi lokacin zafi, bai cika arba'in ba. Inna ta hana a yi wa bangon nan yaɓe ta ciki, ko da ya fara tsagewa. Kowace damina ruwa yana ɗiban wani abu, dabino ya tafi, yashi ya bi shi. Belbelar ce ta fi daɗewa, don tana kusa da rufi. Inna ta rasu tana fuskantar bangon, damina biyu bayan haka ɗakin ya zube. Na yi kuka kamar an sake yi mini mutuwa.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Da tsufana 'ya'yana suka biya mini Makka, na sami kujera kusa da taga a jirgin sama. Da aka ce mun hau kan teku na leƙa, na ga gaskiyar Kawu: daga ruwa sai sama. Na shiga yi wa Baba addu'a, don har yau ban san inda yake kwance ba. Can sai ga wani farin layi ya bayyana, ya yi ta faɗi har ya zama yashi.

Matar da ke kusa da ni ta ga hawayena, ta ce, "Hajiya, lafiya? Ai mun kusa."

Goshina na jingina da gilashi, na ce, "Yaya, akwai tsallake. Ka gaya wa Inna."