Tseren Baba da Yaya a Kan Makullin Mota

Ko zan manta ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta ranar da mahaifinmu, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, ya tuɓe babbar riga a tsakar gida ya ce sai an yi tsere.

Tun muna yara a gidanmu na Nassarawa GRA, Baba ya ishe mu da labarin wani tsohon Bature da ya koya musu wasanni a makaranta. Wai mutumin nan a ƙuruciyarsa, tun kafin yaƙin duniya na farko, ya yi wa ƙasarsa gudun yadi ɗari, ya ciwo kofuna har ya rasa inda zai ajiye su. Ko hotonsa ba mu taɓa gani ba, amma duk shekara gudunsa ƙaruwa yake yi a bakin Baba. Da farko 'yan ƙasarsu kawai ya gagara, daga baya aka koma yana tsere wa doki. Hajiyarmu takan ce, "Alhaji, baɗi kuma jirgin ƙasa zai wuce ke nan."

To a shekarar da nake ba ku labari, Baba ya goge ƙofar gida da mota, bai daɗe ba kuma ya bi ta kan kwandon mai lemo a hanyar Badawa. Babban yayanmu ya taso takanas daga Abuja don ya karɓe makullin motar, a samo direba. Mu a wurinmu ƙaramar magana ce. Shi kuwa Baba, motar nan ce ke kai shi majalisar abokansa, da ɗaurin aure, da jana'iza, ba tare da ya jira kowa ba.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, girma ya zo."

Baba ya dubi tumbin Yaya sama da ƙasa, ya ce, "Ni girma ya zo wa ko kai? Tashi mu je fili. In ka riga ni, ɗauki makulli. In na riga ka, kada in ƙara jin zancen."

Wallahi mun zaci wasa ne, sai da muka ga ya ɗauko cokalin magina ya nufi ciyawar da Hajiya ke ji da ita kamar ranta. Ya haƙa ramuka biyu ƙanana, wai haka Baturensa yake yi, nan ake kafa yatsun ƙafa a zabura da gudu. Hajiya tana salati tana cewa, "Alhaji, ciyawata!" ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce a zamaninsu zaren ulu ake ja a ƙarshen fili. Ba mu da ulu, sai na ɗaura jan gyalena sako-sako a jikin mangwaro, na riƙe ɗaya bakin.

Baba ya naɗe wando, daga shi sai singileti, ya duƙa a ramukansa, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Yaya ya tsaya a gefensa da silifas yana dariya. Hajiya ta tafa hannu alamar a fara, ba don tana so ba.

Jama'a! Takun farko silifas ya kwashe Yaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya zo ƙasa tim. Kafin ya tattara tumbi ya miƙe, Baba ya yi nisa: kai a sama, ƙirji a gaba, hannaye suna dukan iska. Gudun dai ba na a zo a gani ba ne, akuya mai ciki za ta wuce shi, amma gudu ne. Ya zo ya kwashi gyalen da ƙirji, na saki ina ihu, sai na ga bai tsaya ba. Ya ci gaba har shingen furanni ya tare shi.

Muka ruga muka same shi zaune yana haki. Ya ce, "Wa ya ci?"

Na ce, "Kai mana, Baba!"

"To don me kika cire gyalen? Ina ta nemansa."

Na nuna masa gyalen a ƙirjinsa. Ya shafa gyalen, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

Can ya ce wa Yaya, "Kai rago, matso." Ya laluba aljihu ya ciro makullin ya danƙa masa. "Ka sani ba ƙwata ka yi ba, na cinye ka a gaban shaidu. Amma jan gyale da rana tsaka ban gani ba. Gobe ɗan wani ne zai gifta."

Yaya ya karɓa da hannu biyu, gwiwarsa duk ƙasa.

Yanzu da nawa 'ya'yan suka fara ce mini "Mama, kawo in karanta miki," na gane abin da ranar ta koya mini. Tsoho ya fi kowa sanin abin da ya ƙare masa. Abin da ba ya so shi ne a fizge daga hannunsa. Ku yi haƙuri ku bar shi ya miƙo da kansa.