Ranar da Kawu Ya Same Ni Ina Gwajin Ordinatar

Da na gama karatu a Damagaram na dawo Dungas, na samu aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Ordinatarmu, wato kwamfuta, ɗaya ce, tsohuwa. In ana kwafar manyan shirye-shirye zuwa faifan ajiya, sai ta sanƙare, muryar da muke watsawa ta dinga yankewa.

Masu gyaran manhajar da ke tafiyar da ita suka sanar a intanet cewa sun sauya yadda take rabon ƙwaƙwalwarta in faifai ya sha kaya, suna neman masu tsofaffin na'urori su gwada. Na sa kaina. Gwajin ba wuya: in kunna sauti, in tura wa faifan kaya har ya cika, in saurara ko muryar za ta yanke, in goge, in sake.

Damina ce, lokacin noman farko. Ina cikin wannan aiki da hantsi sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, ya sauko daga kabu-kabu yana ɗingishi. Daga Dantchiao yake. A gidansa na zauna duk shekarun da na yi lakwal ɗin firamare. Na ba shi kujera da ruwa, muka gaisa, idona na kan allon.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, me ake yi ne haka?”

Na ce, “Kawu, zuba mata kaya nake in ga ko za ta gaji.”

“In ta cika fa?”

“Sai in kwashe in sake zubawa.”

“Kayan na wane ne?”

Na ce ba na kowa ba ne, na gwaji ne. Da na ji maganar a bakina sai kunya ta kama ni. Na shiga yi masa bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi, yana gyaɗa kai don kada in ji nauyi. Ana haka ordinatar ta sanƙare, na duƙufa ina neman inda ta tsaya. Ban san sanda ya miƙe ba. Daga bakin ƙofa ya ce, “Na ga aiki ya yi maka yawa. Allah ya yi albarka.”

Na aika sakamakon. Masu gyaran manhajar suka ce abin da na gani ya nuna musu wani kuskure, suka gyara, muryar ta daina yankewa.

Da na kai wa mahaifiyata labarin ina murna, sai ta ce, “Kawunka ya faɗa maka abin da ya kawo shi?” Ashe ƙafarsa ce ta kumbura, ciyawa na neman cinye geronsa, ya zo ne don ya roƙe ni in kama masa noma. Ya koma bai ce komai ba.

Washegari na je Dantchiao. Maƙwabta sun riga sun yi masa gayya, gonar fes. Kawu ya ja hannuna zuwa inda suke hutawa ƙarƙashin gawo, yana gaya musu cewa ni ne mai babban aiki a rediyo, ko ɗaga kai ba na samun yi. Suka yi ta sa mini albarka da hannuwansu masu kanta. Aka miƙo mini fura, na karɓa na sha, ban iya duban kowa ba.